Daji da Masu Shi: Nazari kan Ladubban Baƙo a Gonaki da Dazukan Ƙasar Falgore

Wanda ya taso daga Kano ya nufi Jos ta Kwanar Ɗangora, da zarar ya wuce Tudun Wada zai ga gidaje sun fara ja da baya, itatuwa sun matso bakin kwalta. Ya shigo dajin Falgore ke nan, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano, daji mai faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000, wanda ya taɓo ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa ya zama gandun namun daji. Kogin Kano ya keta ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwan Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974. Kewaye da gandun kuwa, tun daga Kiru har duwatsun Riruwai, ƙasar noma ce da ta fi sauran jihar samun ruwan sama, domin a shekara yakan haura milimita 1,000. Masara da shinkafa da dawa da rake da waken suya na wannan yanki suna cikin abin da ke cika kasuwar Dawanau.

Ƙasa irin wannan ba ta rabuwa da baƙi. Akwai matafiyin da ya tsaya shan iska a bakin hanya, da ɗaliban da malaminsu ya kawo ganin madatsa ko tsofaffin ramukan kuza na Riruwai, da samarin da ke cika bakin ruwan Tiga ranar yawon salla. Akwai 'yan farautar da ake jibgowa a motar ɗaukar kaya da karnukansu idan rani ya yi, da 'yan sarin hatsi, da dillalan gawayi, da ma'aikacin da ya sayi gona yake leƙo ta ranar Asabar tare da abokai. Waɗannan mutane ba su da sana'a ɗaya, ba su da niyya ɗaya, amma yawancinsu sun yi tarayya a zato guda: cewa da an bar gari an shiga inda ba na kowa ba. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne wannan zato kuskure ne tun daga tushe, kuma daga gare shi mafi yawan ɓarnar baƙo take tasowa. A ƙasar Falgore babu taku ɗaya da ba wani ke da haƙƙi a kansa ba. Abin da ke rikita baƙo shi ne haƙƙoƙin a jere suke, wani kan wani, kuma suna sauya hannu da sauyawar lokacin shekara.

A ɗauki gona guda a gefen Tudun Wada. Daga faɗuwar ruwan shuka zuwa girbi, ta manomi ce shi kaɗai, ko kaza ba a so ta shiga. Da an kwashe amfani, mata da yara suna da kala, su tsinci abin da ya zube. Bayan su sai makiyayi, wanda sau da yawa ya riga ya yi ciniki da mai gona kan kara da harawa, ko suka shirya ya zauna da shanunsa su bar masa taki. Ɗorawar da ke tsakiyar gonar tana iya zama ba ta mai gonar ba ce ma, domin a al'adar gado itace mai 'ya'ya yakan faɗa rabon wani, ƙasar ta faɗa rabon wani. Amyar da ke rataye a reshenta ta wani mai zuma ce daban. Layin gamba ko bini-da-zugu da ke gefe iyaka ce da aka yi shekaru ana kiyayewa, wataƙila har an taɓa zama gaban dagaci a kanta. Siririyar hanyar da ta bi bayan iyakar burtali ne, ƙoramar da ya nufa kuma mashaya ce. Ɗan gari yana karanta duk wannan da kallo ɗaya. Baƙo kuwa ciyawa da itace kawai yake gani, shi ya sa Hausawa suka ce baƙo ko da idonsa makaho ne.

Shari'ar Musulunci, wadda ita ce ma'aunin mafi yawan mutanen yankin, ta daɗe da yin bayani a kan wannan. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya ɗora tsaron gona da rana a kan masu ita, ya ɗora biyan ɓarnar dare a kan masu dabbobi. Wannan hukunci ya shiga Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin tatsar dabbar wani ba da izninsa ba. Akwai ruwayar da ta yi wa mai wucewa rangwamen ya ci daga 'ya'yan itacen lambu ba tare da ya yi guzuri ba, kuma malamai da dama sun taƙaita rangwamen ga wanda larura ta kama. Abu Dawud ya ruwaito tsoratarwa mai tsanani game da yin bayan gida a mashaya da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba da hurumin gari da makiyaya. Wato tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, akwai cikakken tsari na abin da mai wucewa zai taɓa da abin da zai bari.

Al'ada ma ba ta bar wurin a buɗe ba. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ayarin fatake yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna, abin da zai iya share gonakin ƙauye guda a dare ɗaya. Abin da ya hana hakan shi ne tsari. Madugu ne ke magana da yawun ayari, jagaba ya riga ya wuce gaba ya nemi izni, a sauka a zangon da aka tanada a bayan gari, a biya abin da aka saba biya, idan jakin wani ya yi ɓarna kuma an san wanda za a riƙe. Baƙon wancan zamani a ƙasa yake tafe, yana buƙatar ruwa da abinci da makwanci da mai nuna hanya, don haka dole ya yi sallama. Na yau ya zo da motarsa da ruwansa na roba da taswira a wayarsa. Ba ya buƙatar kowa, don haka ba ya gaida kowa, kuma kafin a gano abin da ya ɓata ya isa Na'ibawa a birnin Kano. A ganina wannan sauyi ne ya kamata a fi dubawa, fiye da zancen lalacewar tarbiyya da aka saba yi. Ladabin nan yana nan a zukatan mutane, wanda ba zai taɓa shiga gidan wani bai yi sallama a zaure ba shi ne dai yake kutsa gonar wani kai tsaye. Abin da ya ɓace shi ne larurar da ke tilasta masa tsayawa.

Ɓarnar da ta fi kowace girma ita ce wuta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Daga Nuwamba zuwa Janairu amfanin shekara yana waje. Dammunan dawa suna jingine a gona ana jiran amalanke, shinkafa tana tare a masussuka, harawar wake da ta gyaɗa an ɗora ta a rassan itace don kada dabbobi su kai gare ta, karan da za a yi danni da shi an tsayar da shi. Ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas ba hutawa. A cikin wannan hali ne mafarauci zai tarar da ramin gafiya, ya cusa busasshiyar ciyawa a bakinsa, ya ƙyasta ashana don hayaƙi ya koro ta. Gafiyar ta fito, karnuka suka bi ta, shi ma ya bi karnuka, wutar kuma ya bar ta a baya tana cin gefen ramin. Kafin ya ɗaure abin da ya kama a ƙugu, ta kama gamban iyaka, daga nan ta tsallaka karan gona. Wanda ya taɓa ganin mutanen ƙauye suna dukan wuta da ɗanyen reshe, hayaƙi yana shiga idanunsu, mata suna gudu da bokitai daga rijiyar da ke da nisa, ya san ba a kashe irin wannan wuta, sai dai a tare ta a inda ta tarar da fili. Guntun taba da aka jefo ta tagar mota da murhun da masu shaƙatawa suka gasa nama suka tashi ba su zuba masa ƙasa ba, aikinsu ɗaya da na mai gafiya.

A cikin gandun kansa illar ta fi wannan nisa. Malaman daji sun bambanta ƙunan farko, wanda ake yi da gangan tun ciyawa tana da sauran danshi, da ƙunan tsakiyar rani. Na farkon yana lasar ciyawa ya wuce. Na biyun yana da zafin da ke kashe 'ya'yan doka da maɗaci da kirya tun ba su kai tsawon mutum ba, ya bar ƙasa tsirara. Idan ruwan farko ya sauko da ƙarfinsa a kan ƙasar da ba ta da sutura, sai ya kwashe ta ya zuba a Kogin Kano, kogin ya kai ta Tiga, ta kwanta a ƙasan madatsar tana rage mata ciki. Tiga kuwa ita ke shayar da dubban kadada na noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga Kogin Kano ne kuma matatar Tamburawa take ɗibar ruwan da ake tura wa birni. Ashe ɗan birnin da ya bar wuta a Falgore bai bar ta a ƙasar wasu ba, famfon unguwarsu ya taɓa.

Sauran ɓarnar ƙanana ne a ido, sai an tara su ake ganin nauyinsu. Direban da ya juya mota a gefen gona da damina ya take kunya biyar ko shida, ya danne ƙasar yadda ruwa zai kwanta a wurin, kuma masarar da ta karye bayan ta fara goyo ba ta tashi. Wanda ya jefi ɗorawa da sanda a watan Maris don ya ga jajayen furanninta sun zubo, kalwar daddawar wata ya zubar. Wanda ya riga mata zuwa gindin kaɗanya ya kwashe abin da ya faɗo da dare, ya ɗauke man kaɗen da wata ke sayarwa ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Leda kuwa ta zama annoba. Saniya tana lasar ta saboda gishiri da man da ke jikinta, ta haɗiye, ledar ta dunƙule a tumbinta, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙoshi. Mahauta a kowace kasuwar ƙauye sun san wannan dunƙulen, suna ciro shi kullum. Game da karyar rake ko ɓallar masara kuwa, abin takaicin shi ne ba a buƙatar satar. Manomin wannan yanki da wuya a yi masa sannu da aiki a roƙe shi kara ɗaya bai ba da uku ba.

Akwai kuma abin da baƙo ke ɗauke da shi bai sani ba. Murar tsuntsaye mai tsanani ta fara bayyana a Najeriya ne a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, aka tabbatar da ita a watan Fabrairun 2006, ba a jima ba ta iso Kano. Cuta irin wannan a tafin takalmi da tayar mota da kejin kaji take yawo daga gona zuwa gona. Ƙwayar ƙuduji, wadda take ƙanƙanuwa kamar ƙura kuma take iya shekaru a ƙasa tana jiran dawa ko masara, ita ma a laka take bin ƙafa. A Birtaniya, lokacin da ciwon baki da kofato ya ɓarke a 2001, an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, kuma cikin matakan farko da hukuma ta ɗauka har da rufe hanyoyin ƙafa na karkara ga masu yawo. Mai gonar kaji ko mai garke da ya ce wa baƙo ya tsaya daga nesa ba wulaƙanci ya yi masa ba.

Tun da an ambaci Birtaniya, yana da amfani a duba yadda suka bi da lamarin, ko da yake tarihinsu daban ne da namu. A can masu ƙasa ne suka killace karkara suka hana talaka shiga, har a 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka yi gangami suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan don nuna ƙin yarda, aka ɗaure wasu daga cikinsu. Dokar 1949 ta buɗe ƙofa, a 1951 aka fitar da ƙa'idojin ladabin karkara a rubuce, dokar shekarar 2000 ta ƙara faɗaɗa 'yancin shiga. A Suwidin 'yancin kowa na ya ratsa daji da fili ya shiga tsarin mulki a 1994, bisa sharaɗin kada ya dami kowa, kada ya lalata kome. Mutanen Birtaniya sun fara da shinge ne suka nemi hanya, sannan suka rubuta sharuɗɗan bin ta. Mu ba mu taɓa samun shingen ba. Gonar Bahaushe a buɗe take, hanyar ƙafa tana ratsa ta, ba wanda ya taɓa kai ƙarar mai wucewa don ya wuce. Wannan alheri ne babba da muka gada, sai dai alherin da ba a rubuta sharuɗɗansa ba yana saurin zubewa idan masu cin moriyarsa suka yi yawa. Alamar hakan ta fara bayyana a manyan gonakin da 'yan birni ke saye suna zagayewa da waya ko bulo, wani lokaci har da burtalin da ya ratsa ta wurin, duk da cewa tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Mai irin wannan gona shi ma baƙo ne, kuma toshe burtali ya fi karyar rake illa nesa ba kusa ba, domin shanun da aka tare wa hanya gonar maƙwabci za su faɗa.

Sai batun tsaro, wanda ya sauya ma'anar baƙunci a yankin gaba ɗaya. Shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka yi suna fakewa a Falgore sun bar tabo. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta gudanar da atisayen Harbin Kunama na biyu wanda ya haɗa da wannan daji, daga baya aka kafa wa sojoji filin horo a cikinsa, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje kuma ta ɗauki aikin tsugunar da makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke Kiru. Mutanen da suka ga wannan zamani ba za a zarge su ba idan suka ga baƙuwar fuska a kan babur tana ɗaukar hoton ruga suka shiga zullumi. Tambayar Bafulatani yawan shanunsa tun asali abin ƙi ce, ta tuna masa da jangali, wanda sai a zamanin gwamna Abubakar Rimi aka soke shi a Kano. A yau kuwa tambayar tana kama da aikin mai kai rahoto. Haka ɗaga waya a kan matan da ke wanki a rafi ko 'yan matan da ke tallar nono, a watsa su a TikTok ba da saninsu ba: cin mutunci ne da zai iya kashe aure a ƙauyen da kowa ya san kowa. Saboda haka zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ko arɗo kafin a shiga daji ya wuce gaisuwar ban girma. Shi ne ke raba baƙo da abin zargi, kuma shi ne ke sa a san inda za a neme shi idan yamma ta yi bai fito ba.

Ribar wannan sallama tana komawa kan baƙon ta wata fuskar ma. Ɗan gari ne ya san lambun da aka yi wa feshi jiya, wanda tumatirinsa ke sheƙi amma cinsa haɗari ne. Shi ya san gindin dutsen da kububuwa ke kwana, da gaɓar Tiga da ƙasa ke zamewa ƙarƙashin ƙafa ta zurma da mutum, da kwantaccen ruwan da ke sa tsargiya. Masunta da Sarkin Ruwa sun san inda aka kafa raga da inda kwale-kwale ba ya bi idan iska ta taso. Wayar hannu ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Za a iya cewa ai akwai doka: dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta hana farauta a gandu ba da izni ba, kundin Final Kod kuma ya tanadi hukuncin kutse da na ɓarnar dukiya. Gaskiya ne, amma doka tana aiki ne a kan wanda aka kama, kuma matsalar baƙon yau ita ce ba a kama shi. Manomin da wuta ta cinye masa dami arba'in ba shi da sunan kowa, ba shi da lambar mota, abin da ya sani kawai shi ne an ga 'yan farauta sun bi ta nan da hantsi. Sau da yawa ma fushin yakan sauka a kan wanda ke kusa, wato makiyayin da ke zaune a gefen gari, a ɗora masa laifin da wanda ya yi shi ya riga ya kwana a birni. Ta haka sakacin baƙo na yini ɗaya yake zama gabar shekaru tsakanin maƙwabta biyu da ba inda za su je su rabu.

Don haka nake ganin gyaran da ya fi kusa da hannu shi ne a dawo da aikin madugu. Kusan duk baƙin da ke shiga yankin a ƙungiya suke zuwa, kuma kowace ƙungiya tana da shugaba: 'yan farauta suna da sarkinsu, ɗalibai suna da malaminsu, masu shaƙatawa suna da wanda ya ɗauko hayar mota, motar kuma tana da tashar da ta taso. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da hakimansu, suna iya yarjejeniya cewa duk ayarin da zai shiga daji ko bakin ruwa sai shugabansa ya bar sunansa da lambar motarsa wurin dagacin da ya fi kusa, a haɗa shi da ɗan rakiya daga garin wanda za a biya ladansa, ya kuma amsa cewa ɓarnar mutanensa a wuyansa take. Farautar taro a ɗage ta har sai Sarkin Noma ya tabbatar an gama kwashe amfani daga gonaki, kamar yadda dattawa suka saba yi kafin a buga gangar fita. Sharuɗɗan kuma a rubuta su gajeru, da boko da ajami, a kafa a Kwanar Ɗangora da mashigar Tiga da bakin gandun ta ɓangarorin biyu, a riƙa karanta su a gidajen rediyon Kano daga watan Oktoba, kafin ciyawa ta bushe.